Waƙar da Na Hana Dada

Duk wanda ya kalli ɗan fim ɗin nan namu na maraƙa, magana ɗaya yake yi mini: "Safiya, Allah ya yi miki albarka, kin riƙe amanar kakarki." Malaman firamare sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, har wani mai keke da 'yarsa ta gani a makaranta ya tsayar da ni a Wunti ya faɗa. To ba haka ba ne, kuma na gaji da cewa amin. Ban riƙe amanar kowa ba. Tatsuniyar da ke cikin fim ɗin gurguwa ce, kuma ni na karya mata ƙafa tun ina shekara goma sha ɗaya. Bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai zage ni ya zage ni da hujja.

Dada ita ta haifi Ummata. Bafulatanar ruga ce, can bayan Inkil ta yi rayuwarta. Ciwon ƙafa ne ya kawo ta gidanmu a Ƙofar Wambai ina shekara takwas, bayan mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza kuma sun kora ragowar shanu sun yi kudu. Da niyyar sati biyu ta zo, ta shekara tara, daga nan aka ɗauki gawarta. Zaman gidan suruki bai taɓa yi mata daɗi ba. In ta ji sallamar Babanmu a zaure, ko da loma a bakinta sai ta ja ƙafa ta shige ɗaki.

Abu ɗaya ta ƙi bari: wuta. Umma tana da risho, amma rana na faɗuwa Dada za ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinta ta hura ƙirare. A ruga haka ake hura wa shanu hayaƙi da yamma saboda ƙuda da sauro. Gidanmu ko akuya babu, amma ba ta fasa ba. Mu ne shanun nata, ni da ƙannena da yaran maƙwabta. In an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye, ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi. Tana warin man shanu da toka. Har yau in na wuce inda ake ƙona kara sai in tuna da ita.

A daidai lokacin nan kuma Umma take wanke-wanke. Kullum. Za ta tara kwanuka a gindin rijiya, taku biyar daga wutar, ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta ba mu baya. Ga ni ƙatuwa da zan iya wankewa da safe, amma ba ta bari. Ban taɓa tambayar dalili ba. Wa yake tambayar dalilin hutunsa?

Dole in yi bayanin tsakaninsu, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. Umma ce 'yar farin Dada, kuma Dada tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda babu sassauci a cikinta. Ana yaye Umma aka miƙa ta ga gwaggonta da ke aure a cikin birni, a nan ta tashi, a nan aka aurar da ita. Dada ba ta kiran sunanta, ba ta kallon idonta, ba ta cin abinci a gabanta. Umma tana tsaye a wurin sai Dada ta ce da ni, "Ki gaya wa matar gidan nan gishiri ya yi yawa."

"Ga ta nan ai, ki gaya mata mana."

"Rasa kunya ɓeran tanka. Da bakin nan aka haife ki, ko a kasuwa kika saya?"

Ni ma 'yar fari ce, kuma Umma ta ɗan ɗebo halin. Sunana a bakinta "ke". Na saba, amma ban taɓa so ba. A ganina a lokacin, gidanmu gidan mutane ne da ba su iya son juna ba.

Dada tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ɗaya ce take maimaitawa har muka haddace. Ba ta buɗewa yadda kowa yake buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙahonta." Mu kuma mu ce, "Ta zo mu tatse ta."

Wai wata saniya ce ta yi haihuwar fari a bakin kogi, ana dawowa daga cin rani, ruwa ya fara cika. Garke ya haye. Jaririyar maraƙa ta kasa shiga ruwa, uwar ta tsaya tana kuka, makiyayi ya sa mata sanda, dole ta bi 'yan'uwanta. Bareyi suka tsinci maraƙar suka raine ta. Ta tashi a cikinsu tana cin abin da suke ci, amma in sun yi tsalle sun haye ƙaya, ita sai ta faɗa ciki. Su taru suna dariya: "Ke wace irin barewa ce mai tozo?" Ta girma a haka. Wata shekara garken ya sake biyowa ta wurin, ta ji ƙaurin hayaƙi, wani abu a cikinta ya motsa, ta bi. Shanu suka sunsune ta suka ji warin daji. Suka ga ba ta iya cin ciyawa a natse, loma ɗaya ta ɗaga kai ta duba gabas da yamma. Suka ce, "Ke wace irin saniya ce mai firgita?" Suka sa mata ƙaho suka fitar da ita gefe.

Uwar ta gane ta tun daga nesa. Amma ba ta matso ba, ba ta lashe ta ba, ta sunkuyar da kai kamar ba ta gani ba. Sai da rana ta faɗi, ta zame ta koma ƙarshen garke, ta juya wa 'yar baya, ta fara waƙa.

A nan Dada take rufe ido. Hausarta mai tuntuɓe sai ta tsaya, muryarta ta zama siririya, ta rera waƙar da Fulatanci, baiti uku, a hankali, da ƙarfin da ya wuce abin da mu da ke gabanta muke buƙata. Ba ma jin ko kalma ɗaya. Ƙannena sukan yi gyangyaɗi, ni in ta karkaɗa ƙafa ina jira ta gama. In ta gama sai ta ce maraƙar ta kwanta daidai inda muryar take kaiwa, a nan ta zauna, ba cikin garke ba, ba cikin daji ba, har ta tsufa. "Ta koma makwancinta, ku koma naku."

"Shi ke nan?" in ji ni.

"Shi ke nan."

"Ba ta rama ba? Ba ta zama sarauniyarsu ba?"

"Sarauniyar me? Ta samu inda za ta kwana tana jin muryar uwarta. Me kuma kike nema, uwar gaggawa?"

Ina aji shida na firamare wata 'yar ajinmu, Bilki, ta biyo ni gida da yamma ta zauna a gindin wutar. Da Dada ta rufe ido ta fara waƙar, Bilki ta toshe baki da gefen hijabi tana shaƙewa da dariya. Washegari lokacin hutun tara, ta ɗora murfin kwano a kai tana rangaji tana kwaikwayon muryar, 'yan aji suna tafi suna cewa, "Mai nono, kawo nono." Sati guda sunana 'yar ruga. Ni da aka haifa a Ƙofar Wambai, ni da ban taɓa taɓa saniya ba.

Ban yi kuka a makaranta ba. Na ajiye fushina na kawo gida. Ranar da Dada ta sake ɗauko tatsuniyar, tana isa wurin da saniya ta juya baya na katse ta.

"Dada, in za ki yi mana tatsuniya ki yi da Hausa. Wannan yaren naki ya ishe ni, dariya ake yi mini."

Ta buɗe ido ta dubi wutar, ta tura wani kara ciki.

"Waƙar nan ba ta jin Hausa."

"To ki bar ta mana. Wa yake ji?"

Ta ce, "To."

A bayana ƙarar kwanuka ta tsaya. Na ƙanƙame jiki ina jiran mari, don na san na yi rashin kunya. Marin bai zo ba. Umma ta tashi da kumfa a hannunta ta shige ɗaki. Daga washegari wanke-wanke ya dawo kaina, da safe.

Dada ba ta daina tatsuniyar ba. In ta zo wurin waƙar sai ta yi shiru, ta motsa toka da tsinke kamar mai neman wani abu, sannan ta ci gaba. Kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ɗauka na ci nasara.

Ta rasu da damina ina aji biyar na sakandare. Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Masu gaisuwa suna cewa Fulani akwai dauriya. Ni kuwa a raina cewa na yi, dama me ya haɗa su da za ta yi kuka.

Da na gama sakandare ban ci gaba ba, na kama aiki a wani shago a Wunti inda muke tura wa mutane fina-finai a waya. A nan na san Rifkatu. Ita da wasu abokanta suna zana gajerun fina-finan katun a kwamfuta, na minti goma, su kai makarantun firamare su haska da majigi. Duk a kan zama da wanda ba irinka ba ne: mai wani yare, mai wani addini, zabiya, gurgu. Ta tura mini biyu in kalla, ta tambaye ni yadda na gani. Na ce wa'azi ne aka yi wa fenti, yaro ba zai kai ƙarshe ba.

Ta ce, "To bakin reza, kawo naki mu gani."

Na ba ta labarin maraƙa a tsaye, ina tura wa wani waƙoƙi. Ta saurara har na gama. Ta ce wannan shi suke nema, sai dai ƙarshen ba zai yiwu ba, yara suna son a ci nasara. Muka zauna muka gyara. Muka kawo kura ta lallaɓo garke, maraƙar da ta koyi kunnen barewa ita ta fara ji, ta tada kowa, ta ceci garken, shanu suka shigar da ita tsakiya suna lasarta. Ban yi gardama ba ko kaɗan, ai ƙarshen da nake nema ke nan tun ina ƙarama. Da muka zo wurin waƙar Rifkatu ta ce, "Me saniyar take cewa?" Na ce ban sani ba, wani abu ne da Fulatanci. Muka sa busar sarewa muka wuce.

Fim ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Yara suna tafi in an shuri kura. A wata makaranta ne, bayan an kunna fitila ana watsewa, wata 'yar yarinya zabiya da ta zauna ita kaɗai a ƙarshen benci ta ja mini mayafi.

"Anti, da kurar ba ta zo ba fa?"

"Kamar yaya?"

"Da ba ta zo ba, za su bar ta ta shiga?"

Na ce ta tafi aji, malam yana jira. Na kori yarinya don ta yi mini tambayar da ta fi ƙarfina.

Da yammar ranar na tarar da Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, ba ta da sha'awar irin waɗannan abubuwa. Na miƙa mata wayar na ce ta duba tatsuniyar Dada. Ta karɓa da hannun hagu, dama yana cikin faranti. Ta kalla babu ko motsi a fuskarta har saniya ta koma ƙarshen garke ta juya baya, sarewa ta fara. Sai hannunta ya tsaya.

"Ina waƙar?"

"Ban san ta ba, Umma. Ai ba na jin yaren."

Ta miƙo mini wayar ba ta ƙarasa ba. Ta gyara zama ta ba ni baya, ta ci gaba da tsintar. Na ɗauka maganar ta ƙare. Can sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, kamar da shinkafar take yi.

"Cewa take: Dije, na ga sawunki a cikin sawu dubu na gane. Dije, bayana ne ya juya, kunnena yana wurinki. Dije, ruwa ne ya raba mu, ba ni ba ce. Kin ci? Kin sha? Matso inda za ki ji ni ki kwanta."

Na ce, "Wace ce Dije? A tatsuniyar maraƙar ba ta da suna."

"Sunan da aka raɗa mini ke nan a ruga. Gwaggo ce ta mayar da ni Hadiza."

Umma tana jin Fulatanci a wurin gwaggonta, mayar da magana ce ba ta iya ba. Na san wannan tuntuni, ban dai taɓa haɗa shi da komai ba. Na zauna a ƙasa.

"Amma ai ba ta kiran sunanki."

"Ita ba ta kira. Saniya ce take kira. A bakin saniya babu kunya." Ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar. "Tun da aka yaye ni ban ji sunana a bakinta ba sai a gindin wutar nan. Shekara uku na samu ina ji."

Shekara uku. Sauran shidan da Dada ta yi a gidanmu, tana motsa toka, taku biyar tsakaninta da 'yarta, ni na cinye su. Saboda Bilki da murfin kwano.

Na ce, "Me ya sa ba ki mare ni ba? Me ya sa ba ki ce mata ta ci gaba ba?"

"In ce mata me? In ce ci gaba, ina saurare? Ta san ina ji, na san ta sani. Ranar da ɗayanmu ta faɗa da baki, ranar ta ƙare. Ke dai yarinya ce, ba ki sani ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban ga fuskarta ba, kuma ban zagaya na duba ba. Wannan kaɗai ne ladabin da na iya yi a ranar.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar ba ta da ƙarshe, ashe ni ce ban da haƙurin jin sa. Dada ba ta ce maraƙar ta zama saniya sosai ba, ba ta ce ta koma barewa ba, ba ta kuma sa ta ta biya kuɗin shiga da jarunta ba. Ta bar ta yadda take, da tozonta da firgitarta, ta ba ta murya ɗaya da ta san sunanta. A wurin Dada wannan ya isa a kira wuri gida. Ita kanta haka ta zauna a cikinmu, Bafulatana ba shanu, a birnin da ake dariyar Hausarta. Haka Umma ta zauna, 'yar ruga a birni, 'yar birni a ruga. Mu kuma da iliminmu da kwamfutarmu muka je muka gaya wa yara cewa in kai daban ne, jira kura ta zo, in ka cece mu ma karɓe ka. Yarinyar nan ta ƙarshen benci ta gane abin da muka faɗa tun kafin mu gane. Yaran da suke zaune a gefe, yawancinsu babu kurar da za ta zo musu.

Ba na kare kunyar ɗan fari. Har gobe ina ganin al'ada ce mai tsada, ta sa mata biyu sun rayu gida ɗaya suna aike da saƙon gishiri. In Allah ya ba ni haihuwa zan kira ɗana da sunansa har ya gaji. Amma a cikin wannan ƙuncin tsohuwar nan ta huda 'yar ƙofa da dabararta, ni kuma na zo na toshe don ban ga amfaninta ba. Wannan ba laifin al'ada ba ne. Nawa ne.

Na je na sami Rifkatu na ce a cire kura, a cire sarewa, a mayar da waƙa. Ta ce aikin wata biyu ne, kuma yara ba za su yi tafi ba. Na ce kada su yi. Ta kalle ni ta ce, "Wa zai rera?" Na koma gida na roƙi Umma ta rera in ɗauka a waya. Ta ce, "Ke, ba a ba waya wannan." Ban matsa mata ba, abin da ban saba ba. Sai da ta gama kwashe tuwo ta ce, ba ta dube ni ba, "In da kunne za ki ɗauka, ki zo bayan magariba. Ki zauna a bayana. Kada ki kalle ni, kada ki yi mini gaggawa."

Don haka ni zan rera. Da bakina na 'yar Ƙofar Wambai, da Fulatancin da zai fito a karkace, kuma na san a kowane aji akwai Bilkin da za ta toshe baki. Ta toshe. In an gama, makarantar yarinyar nan zan fara kaiwa, in zauna kusa da ita a ƙarshen benci, in ba ta amsar da na hana ta.

Na sayo kara a bakin kasuwa, na nemo duwatsu uku na jera a ƙofar ɗakin Dada. Na tara wa Umma kwanuka a gindin rijiya. Ban san sunan wa za ta sa a cikin waƙar in ta zo wurin ba, kuma ba zan tambaya ba. Zan zauna a inda muryar take kaiwa, in rufe bakina.